A Tanadi Wuri da Anini a Makarantunmu

'Yan'uwa malamai, ɗalibanmu suna jin ana cewa wane ba shi da ko anini, amma ƙalilan ne suka taɓa riƙe aninin nan mai huji a tsakiya. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi kuwa, wanda akasarinsa daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya ya fito, ya koma kayan ado.

Ra'ayinmu shi ne kowace firamare ta keɓe akwati guda domin tara tsofaffin kuɗi: wuri, anini, da taro da sisi da sulen da aka daina karɓa bayan zuwan naira a 1973. A haɗa da hotunan kuɗin wasu al'ummu, kamar sandunan gishirin Habasha da duwatsun tsibirin Yap, waɗanda wasunsu sun fi mutum tsayi. Yaron da ya ga dutse da gishiri sun taɓa zama kuɗi, zai gane cewa darajar kuɗi yardar jama'a ce.

Iyaye kuma, kafin 'yan gwangwan su kwashe abin da ya saura a adakar kaka, ku tuna da makarantar unguwarku.