A Koya wa Iyaye Ba da Maganin Fuka ta Bidiyo

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, hunturu ya kama. Ga hazo, ga ƙurar sussukar masara da dawa, ga hayaƙin murhu. A Dandume lokacin tashin fukar yara ke nan, wato asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da ita.

Sau da yawa maganin shaƙa yana gida, iya amfani da shi ne babu. Sai a fesa wa yaro a baki, ya tsaya a maƙogwaro, bai kai huhu ba. Ka'idar ita ce a girgiza, a fesa sau ɗaya cikin bututun shaƙa, yaron ya ja numfashi kamar sau biyar. Wani bincike a Afirka ta Kudu ya nuna gorar roba mai cin rabin lita tana iya maye gurbin bututun.

Gani ya kori ji. Maimakon uwa ta riƙa biyan kuɗin mota zuwa Funtua ko Shika, ma'aikacin lafiya zai iya kallon ta ta WhatsApp, ya gyara mata nan take.

Wani zai ce babu data, wayar kuma tana aljihun Baba. Gaskiya ne. To, a ware rana a makarantarmu, iyaye mata su zo da magungunan, a yi kiran da waya ɗaya.

Amma idan yaro ya kasa magana, haƙarƙarinsa na lotsawa, a ajiye waya, a garzaya asibiti.