Jinjina ga Hayao Miyazaki, amma da sauran rina a kaba

A 1963 wani saurayi ɗan shekara 22 ya kama aiki a kamfanin Toei da ke Tokyo, yana cike zanukan da manya suka bari tsakanin wani motsi da wani. Saurayin nan shi ne Hayao Miyazaki, wanda a 2024 fim ɗinsa The Boy and the Heron ya ciyo masa kyautar Oscar karo na biyu a rukunin fina-finan zane.

Wannan dattijo ya cancanci jinjina. Tun da ya kafa kamfanin Ghibli a 1985 tare da Isao Takahata da Toshio Suzuki, fensiri da takarda ya riƙe, ko da kwamfuta ta mamaye sana'ar. Kuma bai taɓa raina hankalin yara ba. Dubi yarinya Chihiro a fim ɗinsa Spirited Away na 2001: an mayar da iyayenta aladu, ta yi ta dannewa, sai da aka miƙa mata dunƙulen shinkafa ta kai baki sannan hawaye suka ɓalle. Wanda ya zana wannan ya san yadda yaro ke haɗiye tsoro. Ga kuma tsayuwa kan aƙida: masana'antar danginsa ta ƙera kayan jiragen yaƙi, amma shi ya tashi da ƙin yaƙi, har ya ƙi zuwa Amurka karɓar Oscar a 2003 saboda mamayar Iraƙi.

Sai dai ina magaji? Yoshifumi Kondo, wanda aka sa ran zai gaje shi, ya rasu a 1998 yana da shekara 47. Mamoru Hosoda ya fara fim ɗin Howl's Moving Castle a Ghibli, ya bar aikin, ya je ya yi suna a wajen kamfanin. A 2023 Ghibli ya koma ƙarƙashin gidan talabijin na Nippon, kuma rashin magaji na cikin dalilan da aka bayar. An san Miyazaki da bin zanen yaransa yana gyarawa da hannunsa. Hakan ya ƙawata fina-finan, amma almajirin da kullum malam ke gyara wa allo ba ya saurin yaye kansa.

Saboda haka aikin da ya rage masa ya fi sabon fim nauyi. Ya sakar wa matasa mara su yi nasu, ko da bai yi kama da nasa ba. Kuma tunda ya taɓa zama jigo a ƙungiyar ƙwadago ta Toei, ya ɗaga murya kan ƙarancin albashin masu zane a Japan, domin idan shi ya yi magana za a saurara.