DIGIRIN KASUWANCI NA GAGGAWA: A LISSAFA AWOYI TUKUNA

Kwanakin nan da wuya mutum ya shiga ofishin ƙaramar hukuma ko na ilmi bai ji ana zancen digirin kasuwanci na gaggawa ba, watau irin wanda ma'aikaci ya ke yi yana bisa aikinsa, ya gama kafin shekara huɗun da aka saba. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Akawu ya yi shekara goma sha biyar yana riƙe da littattafan kuɗi, sa'an nan a kawo saurayi mai digiri a ɗora masa, kuma shi ne zai koya wa saurayin aikin. Ba mu ga laifin wanda ya nemi mafita daga wannan hali ba.

Karatun manya masu aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1947 aka buɗe makarantar akawuna a Kongo, Zariya, wadda ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki, ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A wancan zamani En'e ta kan aika da ma'aikacinta can, ya yi kos, ya komo bakin aikinsa. Shirin gaggawa na zamanin nan kuwa a Amurka ya yi ƙarfi. Jami'ar Phoenix, wadda aka kafa a 1976 domin ma'aikata, ta yi suna da ba ɗalibi darasi ɗaya tak ya gama cikin mako biyar, sa'an nan ya kama na gaba. Dabara ce mai kyau ga mai iyali, domin hankalinsa ba ya rabuwa gida shida.

Amma fa akwai abin da ke gajartuwa, akwai wanda ba ya gajartuwa. Bisa ƙa'idar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, digiri mai shekara huɗu ba ya kasa kashi 120 na darussa, kowane kashi kuwa awa ɗaya ce a mako har mako goma sha biyar. Jimla awa 1,800 ke nan. Mai takardar NCE ko difloma, wanda a kan ɗauka a aji na biyu, kashi 90 ke kansa, watau awa 1,350. To, a ce ma'aikaci ya sami awa biyu kowace yamma daga Litinin zuwa Jumma'a, da awa biyar ran Asabar, ya sami goma sha biyar a mako. Sai ya yi mako 90 ba hutu ko na kwana ɗaya kafin ya cika awoyinsa, kuma ba mu sa lokacin bita da na jarrabawa ba, balle azumi da suna da ta'aziyya. Ana iya cire dogon hutu, ana iya yafe wa mutum abin da ya riga ya sani. Lissafin kuɗi da dokar ciniki da ilmin ƙididdiga kuwa, sai an zauna an yi su da alƙalami. Mu da muka daɗe muna horon malamai mun sani babba ya fi yaro saurin gane dalilin abu, amma bai fi shi saurin gama lissafi ba bayan ya wuni a ofis.

Saboda haka duk wanda ya ce zai ba ku digiri cikin 'yan watanni, takarda ya ke sayarwa. A Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta bayyana yadda wakilinta ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. A Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, daga baya Ministan Ilmi ya ce an gano takardun jabu fiye da 22,000. Wanda ya sayar da gona ko ya ci bashi domin irin wannan takarda, ya rasa kuɗin, kuma aikin da ya ke so ya ɗaukaka ya shiga haɗari.

Muna roƙon malamai akawuna da malaman makaranta, kafin kowa ya biya kwabo, ya bincika ko Hukumar Jami'o'i ta amince da wannan kos ɗin kansa, ba sunan jami'ar kaɗai ba. Ya kuma nemi izinin shugabansa a rubuce, domin takardar da aka samo ba da izini ba ta kan sha wuya wajen ƙarin girma. Shugabannin ofisoshi kuma su tsara wa masu karatu lokaci a fili, bi da bi. Kadan ba a yi haka ba, awoyin nan 1,350 daga wani wuri za su fito, kuma mun san inda su ke fitowa: daga ajin da malami ya bari ran Jumma'a da hantsi, da littattafan yara da su ke kwana uku ba a duba ba.