Ana rabon sararin samaniya, ina kason Afirka?

A watan Mayun 2019 kamfanin SpaceX na Elon Musk ya harba rukunin farko na ƙananan taurarin ɗan adam 60 na Starlink. Yanzu adadinsu ya haura 7,000, wato fiye da rabin taurarin ɗan adam da ke aiki a sama. Amazon ma ya fara harba nasa, yana da shirin kai 3,236, China kuma ta tsara rukunin Guowang mai kusan 13,000.

Babu mai musun amfanin abin. Tauraro irin NigComSat-1R, wanda aka harba wa Najeriya a 2011, yana nisan kilomita kusan 36,000 daga ƙasa, na Starlink kuwa suna kewayawa ne a wajen kilomita 550. Wannan kusancin ne ke sa intanet ɗinsu sauri, har ya isa ƙauyen da babu turken sadarwa. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta fara amfani da shi a Janairun 2023, Nijar ta biyo baya a 2025.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata su hana mu barci.

Na farko, wurin ba shi da yalwar da ake zato. A Fabrairun 2009 tauraron Iridium na Amurka ya yi karo da wani mataccen tauraron Rasha, suka tarwatse zuwa dubban ɓaraguzai. Idan cunkoso ya ƙaru, haɗarin irin wannan karo ma ƙaruwa yake yi. Ga shi kuma a tsarin hukumar sadarwa ta duniya ITU, galibi wanda ya riga yin rajistar zangon sadarwa shi ke da fifiko. Ranar da ƙasashenmu za su shirya, wataƙila an riga an cinye gurabe masu kyau.

Na biyu shi ne iko. Musk da kansa ya amsa cewa a 2022 ya ƙi buɗe wa Ukraine Starlink a yankin Crimea lokacin da ta nema domin kai hari. Ko mutum ya ga dacewar hakan ko bai gani ba, ɗan kasuwa guda ne ya yanke hukunci a kan yaƙin wata ƙasa. A gida ma, a 2024 kamfanin ya sanar da ƙarin kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, hukumar NCC ta ce ba da amincewarta ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ba muna cewa a kori Starlink ba ne. NCC ta buɗe ƙofa ga masu gogayya da shi, ta kuma sa sharuɗɗa a rubuce kan farashi da katse layi. Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka da aka buɗe a Masar a 2025 kuwa, aikinta na gaggawa shi ne haɗa kan ƙasashen nahiyar su nemi kasonsu a ITU da murya ɗaya, tun kafin a gama rabon.