A Bar Yaran Zongo Su Hau Dutsen Agou, Amma Da Takarda A Hannu

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, samari bakwai suka yi sallama a zauren Maigida, dattijon da nake riƙe wa alƙalami. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Baba, izini muka zo nema." Suna so su tashi da asuba zuwa Dutsen Agou, su hau da ƙafa har ƙololuwa, su ɓoye wani ɗan akwati a can, su dawo Lome kafin isha'i. Da aka ambaci ɓoye akwati sai zauren ya yi tsit. Wani dattijo ya ce shi dai abin da ya sani ana kaiwa kan dutse a ɓoye, ba a faɗinsa a gaban mutane. Maigida bai yanke hukunci ba, ya ce in bincika. Na bincika, kuma ra'ayina shi ne a bar su su tafi.

Ga yadda wasan yake. Mutum zai sami ƙaramin akwati mai murfi, ya sa ɗan littafi da fensir da wasu 'yan tarkace marasa tsada, ya ɓoye a kogon itace ko ƙarƙashin dutse. Sai ya rubuta lambobin wurin, waɗanda GPS ɗin wayarsa ta ba shi, a shafin Geocaching na intanet. Wani da bai taɓa ganinsa ba zai bi lambobin har ya gano akwatin, ya sa hannu a littafin, ya mayar yadda ya same shi. Idan ya ɗauki wani abu, to ya ajiye kwatankwacinsa. Abin ya faro a Amurka a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin ƙasar ta daina dagula saƙon taurarin GPS ga farar hula. Nan da nan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye bokiti a dajin jihar Oregon, ya ce mai iyawa ya nemo. Dokar wasan a yau ta hana haƙa rami, ta kuma wajabta neman yardar mai ƙasa. Ke nan babu binne-binne a ciki.

Ni abin da ya ja hankalina shi ne amanar da ke cikinsa. Akwati a daji, babu mai gadi, babu kwado, kuma ana sa ran baƙo ya buɗe ya rufe bai yi ha'inci ba. Mu 'yan Zongo bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Da me iyayenmu suka kafa unguwar nan in ba da ajiya ba? Falke ya zo daga Arewa da shanu, ya sauka wurin maigidansa, ya bar masa kuɗin ciniki ba shaida ba rasit, ya dawo bayan watanni ya tarar da su cif. Ko da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977 aka maido mu nan bayan Agoè, gidaje aka rushe, wannan ɗabi'a ta biyo mu. Yau kuwa yaro ya tsinci waya a bakin masallaci, sai ka ga ya fara cire layin. Mun karanta hukuncin tsintuwa a Risala, cewa a yi cigiya shekara guda, amma karatun ya tsaya a zaure. Idan wasa zai sa yaro ya taɓa abin da ba nasa ba ya mayar, ban ga dalilin raina shi ba.

Sannan dutsen kansa. Agou shi ne mafi tsawo a Togo, mita 986, kusa da Kpalime, kuma Kpalime tana da nisan wajen kilomita 120 daga nan. Akwai ƙauyukan Ewe a jikinsa, da gonakin koko da kofi da ayaba. Yaranmu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suka tashi, tsakanin teku da fadama, tudun da suka sani bai wuce gadar sama ba. Suna jin Dala da Kufena a bakin kakanni kamar tatsuniya. Da yawansu sun fi sanin unguwannin Faris ta waya fiye da ƙasar da take ɗauke da su, alhali zuriyar mutanen da suka taka daga Kano har Gonja ne.

Wani malaminmu ya kawo hujja mai nauyi, ba zan ɓoye ta ba. Ya ce a mazhabarmu mai tafiyar shagala ba a so ya yi ƙasaru, ko da tafiyar ta kai mil 48, wannan kuwa shagala ce. Na amsa masa da ladabi cewa to su cika sallarsu, raka'a huɗu ba ta taɓa hana kowa hawa dutse ba. Su riƙi buta da tabarma, azahar ta same su a sama.

Tsorona yana wani wuri dabam. Tun 2022 yankin Savanes yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga, kuma kowa ya san irin kallon da ake yi wa matashi mai sunan Musulmi da Hausa a baki idan an gan shi inda ba a saba ganinsa ba. A kan Agou akwai turakun sadarwa, ana kuma gadinsu. Yanzu a ce samari bakwai daga Zongo, kowa na duban waya, ɗaya ya tsuguna yana cusa akwati a ƙarƙashin dutse. Bature ya yi haka a ce ɗan yawon buɗe ido ne. Namu ya yi, wa zai tsaya sauraron labarin Oregon? Ni ne zan kwana ina yawo da takardu daga ofis zuwa ofis, na kuwa taɓa yin irin wannan yawon saboda abin da bai kai haka ba.

Shi ya sa na ce da takarda. Maigida ya rubuta wa sarkin ƙauyen da za su bi, da Faransanci, a faɗi sunayensu da abin da ya kai su. Su ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin su biya shi. Su buɗe akwatin a gaban sarki ya ga fensir da littafi da idonsa, shi zai nuna musu inda za su ajiye, nesa da turaku, nesa da gonar wani da wuraren da mutanen ƙauyen suke girmamawa. Mu da ba ma yarda baƙo ya ajiye ƙunshi a maƙabartarmu, ba ma yi wa wasu haka ba. In sarki ya ce a'a, su hau dutsensu su sauko da akwatinsu.

Na riga na tsara takardar, tana jiran sa hannun Maigida. Ƙaramin cikinsu ya tambaye ni ko zan bi su. Na ce masa gwiwata ta dama ce za ta ba da amsa, amma a bar mini kujerar gaba a motar.