Kafin a kafa doka kan hita, a fara duba murhun Ringim

Da zarar iskar hunturu ta kunno kai a ƙarshen watan Nuwamba, ruwan zafi yakan tashi daga abin marmari ya zama buƙatar kowane gida, daga Ringim zuwa Taura, Garki da Babura, har cikin birnin Dutse. Da shi ake alwalar asuba, da shi ake wa yara wanka kafin su tafi makaranta, kuma tsoho da marar lafiya ba sa iya taɓa ruwan randa sai an sirka musu. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne da me aka dafa ruwan, kuma nawa ya ci. Tambayar ta zama dole yanzu, domin ƙasashe da dama sun tsaurara dokokinsu kan yawan wutar da na'urar ɗumama ruwa za ta ci, kuma Nijeriya ta riga ta kama wannan hanya. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta kafa ma'aunin cin wuta ga ƙwan fitila da firji da na'urar sanyaya ɗaki. Ghana, abokiyar kasuwancinmu a ƙungiyar ECOWAS, ta zartar da jerin dokoki a 2022 da suka haɗa har da tankin ɗumama ruwa. Ba sai an yi duba ba a san cewa wata rana hita ma za ta shiga layi a nan. Wannan jarida tana goyon bayan hakan, amma da sharaɗi guda: a auna dokar da abin da magidanci zai koma wa ranar da tsohuwar hitarsa ta mutu. Idan itace zai koma wa, to dokar ta yi ɓarna, ko da alƙaluman wutar lantarki sun nuna an samu ragi.

Mutane da yawa suna ɗauka irin wannan doka tana nufin jami'ai za su bi gida-gida suna cire na'urori. Ba haka take aiki ba. Masana'anta da mai shigo da kaya take kamawa, ta ce daga rana kaza ba za a ƙera ko a shigo da na'urar da ta gaza ma'auni ba. Mai tsohuwa zai ci gaba da amfani da abarsa har ta lalace, sai ranar da ya je sayen wata zai gamu da dokar, a cikin farashi. A Amurka, inda ɗumama ruwa shi ne na biyu wajen cin makamashi a gida bayan ɗumama ɗaki da sanyaya shi, ma'aunin 2015 ya sa an ƙara wa tankuna kaurin abin riƙe zafi, suka ƙara girma, har wasu gidaje suka tarar sabon ba ya shiga gurbin tsohon sai an yi gyara. A watan Afrilun 2024 Ma'aikatar Makamashi ta ƙasar ta fitar da sabon ma'auni, ta tsayar da 2029 a matsayin shekarar fara aiki da shi. Wannan ma'auni zai sa mafi yawan manyan tankunan lantarki su koma irin waɗanda ke zuƙo zafi daga iskar da ke kewaye su zuba shi cikin ruwa, kamar firjin da aka juya aikinsa. Irin wannan tanki ba ya cin ko rabin wutar tsohon, amma ya fi shi tsada ranar saye. Kan tsadar aka yi ta cacar baki, har a 2025 majalisar ƙasar ta soke wata dokar da ta shafi hitar gas mai dafa ruwa nan take. Idan mai ɗaukar albashi da dala ya koka kan kuɗin canji, ai dole mu tsaya mu yi namu lissafin kafin mu kwafi nasu.

Lissafin namu kuwa ya sha bamban. Tankin da ake maƙalawa a bangon banɗaki sai a otal da gidajen manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, galibinsu a Dutse. Abin da talaka ke kira hita shi ne lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake tsomawa cikin bokiti, sai kuma butar lantarki, waɗanda ake sarowa daga Kano a baza su a shaguna da kasuwannin mako irin su Gujungu. Akwai abin da masu tsara doka ya kamata su sani game da wannan hita: ba ta ɓarnar wuta a lokacin da take dafawa, domin kusan duk abin da ta ja yana zama zafi a cikin ruwan. Ɗaga lita 20 daga sanyin randa zuwa ɗumin wanka, wato ƙarin digiri 30, yana cin kimanin yunit 0.7 na wuta, ko mai tsada ce ko mai araha. Aibinta a wani wuri yake. Ba ta da abin da ke kashe ta idan ruwa ya yi zafi, sai a bar shi ya tafasa sannan a dawo ana sirkawa. Wayarta siririya ce, filoginta yana narkewa. Mafi muni, idan aka ɗauke wuta aka manta da ita a jone, wutar ta dawo tsakar dare, ruwan ya ƙone, bokitin roba ya kama. Hukumomin kashe gobara na jihohin Arewa suna maimaita wannan gargaɗi duk hunturu. Shi kuwa tankin bango, asararsa ita ce zafin da ke tserewa ta jikinsa dare da rana idan an bar shi a kunne. Ashe ke nan dokar da aka gina kan tanki, irin ta Amurka ko Turai, za ta wuce ta gefen mafi yawan gidajenmu ba ta taɓa matsalarsu ba.

Babbar na'urar ɗumama ruwa a masarautar Ringim ba ta da filogi ma. Murhu ne mai duwatsu uku, kuma babu abin da ya kai shi ɓarna. Daga zafin itacen da aka cusa masa, abin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, saura ya bi iska. Bokitin nan na lita 20 yana cinye fiye da kilo ɗaya na busasshen itace. A haɗa da wankan jego, inda ake tafasa manyan tukwane safe da yamma har kwana arba'in, rani da damina, a kuma haɗa da masu shayi da makarantun kwana, sai a ga girman dajin da ke tafiya a ruwan zafi kaɗai. Jigawa tana cikin jihohi 11 na bakin hamada da ake aikin dashen katangar itatuwa a cikinsu, kuma Babura tana kan iyakar Nijar, inda kowa ya san darajar inuwa. Ga kuma hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma mun san waɗanda ke tsugune a bakin murhu: mata ne da jariran da suke goye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tsadar rayuwa take ƙara tura gidaje daga gas da kananzir zuwa gawayi da itace. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin a rage shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai. A cikin wannan hali, duk dokar da ta kawar da hita mai araha daga kasuwa ba tare da ta ajiye madadin da aljihu zai ɗauka ba, mai sayar da gawayi kawai ta yi wa aiki.

Ba hasashe muke yi ba, domin Afirka ta riga ta gwada hanyoyi biyu, tilastawa da tallafawa. Kenya ta kafa doka a 2012 cewa duk ginin da ke amfani da ruwan zafi fiye da lita 100 a rana dole ya saka hitar hasken rana, aka ba tsofaffin gine-gine wa'adin shekara biyar, aka tanadi tara mai nauyi ga wanda ya ƙi. Ba a tanadi kuɗin saye ba. Masu gidaje suka yi ca, kuma a 2018 majalisar ƙasar ta soke dokar. Tunisiya kuwa ta fara shirin PROSOL a 2005: gwamnati ta rage wani ɓangare na farashin hitar rana, banki ya ba da rancen saura, ana cire biyan kaɗan-kaɗan ta takardar kuɗin wuta tsawon shekaru. Kasuwar ta bunƙasa ba tare da an ɗaure kowa ba. Ghana ma, da ta hana shigo da firjin gwanjo daga 2013, ta haɗa hanin da shirin musaya, mutum ya kawo tsohon firjinsa a yi masa ragi a kan sabo. Rana ɗaya ce ke haska Kenya da Tunisiya. Abin da ya raba su shi ne ko an tuna da ranar saye ko an manta.

Wasu za su ce maganar tattalin wuta a garin da wutar ba ta zuwa ɓata baki ne, a kawo wutar tukuna. Ƙorafin yana da tushe, kuma duk mai hulɗa da kamfanin rarraba wuta na KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa ya san shi. Amma ƙarancin wutar shi ne babban dalilin tattalinta. Hita ɗaya tana jan wat 1,000 ko fiye, abin da ƙwan fitila na zamani kusan ɗari za su ja. Idan wuta ta dawo da asuba a cikin sanyi, unguwa gaba ɗaya ta jona hita a lokaci guda, taransifoma ce ke ɗaukar nauyin, kuma idan ta ƙone mutanen unguwar ne ke zama cikin duhu suna karo-karon gyara. Inda ƙorafin ya fi ƙarfi shi ne batun mita. Gidan da ake kawo wa takardar ƙiyasi zai biya abu ɗaya ko ya yi tattali ko bai yi ba, don haka ba shi da dalilin sayen na'ura mai tsada saboda tana cin wuta kaɗan. Dokar tattalin wuta ba za ta yi tasiri a gidan da ba shi da mita ba, kuma wannan aiki ne da ya rataya a wuyan NERC da kamfanin rarraba wutar, ba a wuyan magidanci ba.

Wasu kuma za su ce sanyinmu wata uku ne, wa zai zuba kuɗi a kan hitar rana don wata uku? Ga gidan da ba ya buƙatar ruwan zafi sai a hunturu, gaskiya ce, kuɗin zai daɗe bai dawo ba, ƙurar hunturun ma tana rage ƙarfin rana idan ba a share gilashin. Shi ya sa muke adawa da tilasta wa gidaje. Amma ɗakin haihuwa na asibiti yana buƙatar ruwan zafi kowace rana ta Allah, haka kicin ɗin makarantar kwana, haka otal. A nan ne lissafin ke fita, kuma a nan ya kamata doka ta fara nuna ƙarfinta, domin mai ginin ko dai gwamnati ce ko ɗan kasuwar da zai iya. Fasahar ba baƙuwa ba ce. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera hitar rana, kuma baƙin faranti da bututu da tanki mai rufi ba su fi ƙarfin mai walda da mai aikin famfo na Ringim ba idan sun samu horo. Jami'ar Tarayya ta Dutse da kwalejojin fasaha na Kazaure da Haɗeja suna nan kusa.

Saboda haka muna kira ga hukumar SON da hukumar kwastam su fara da abin da ke kashe mutane. Duk hitar bokiti da butar lantarkin da za a shigo da ita ta zama tana kashe kanta idan ruwa ya yi zafi ko ya ƙone, wayarta ta iya ɗaukar wutar da take ja, kuma a manna mata takardar bayani da Hausa, ba da Turanci kaɗai ba. Tankin bango a sa masa ma'aunin riƙe zafi, a ba 'yan kasuwa wa'adi bayyananne su ƙarar da na hannunsu. Kada a hana mai araha sai mai inganci ta iso shagon Ringim a farashin da lebura zai iya. Ita kuwa gwamnatin Jigawa ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta gyara gine-ginenta, kuma dokar wutar lantarki ta 2023 ta ƙara buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wutarsu. Ta sa hitar rana cikin sharuɗɗan kwangilar duk asibiti da makarantar kwana da za a gina ko a gyara, ta ware kuɗin kula da su, domin mun sha ganin fitilun sola da aka kafa da biki suka mutu saboda babu mai duba su. Sannan ta ɗauki ingantaccen murhu mai cin itace kaɗan a matsayin na'urar ɗumama ruwa ta mafi yawan jama'arta. Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta a 2024, kuma hanya mafi sauƙi ta kai ta gidaje ita ce ta ɗakin awon ciki: matar da ta haihu a asibiti ta koma gida da murhun da zai rage itacen jegonta. Muna roƙon gwamna Umar Namadi da 'yan majalisar jiha da ke wakiltar Ringim, Taura, Garki da Babura su sa wannan cikin kasafin kuɗi mai zuwa, a fara da ɗakin haihuwa na Babban Asibitin Ringim.