RSI, MACD da Stochastic tare? Shaida ɗaya ka kira sau uku

1/ Masu rubuta Pine Script a TradingView, ku matso. Ra'ayina: indiketa biyu ko uku sun ishe ka a jadawalin farashi, in dai ka san tambayar da kowacce ke amsawa. Wanda ya jera bakwai hayaniya kawai ya tara.

2/ RSI, Stochastic da MACD duk daga farashi ake lissafa su, kuma duk ƙarfin motsinsa suke aunawa. In ukun suka ce "saya", mutum ɗaya ne ya canja riga sau uku. Kai kuma ka zuba kuɗi, wai hujja ta cika.

3/ Fara da tambaya. Ina kasuwa ta dosa? EMA 50 ko 200. Da wane ƙarfi? RSI. Yaya girman tsallen farashi? ATR, ita ce ma za ta taimaka maka ka san inda za ka tsayar da asara.

4/ Welles Wilder ya fitar da RSI a 1978, da 14 a matsayin ma'auni. Haura 70 ba umarnin sayarwa ba ne fa. In kasuwa na hawa da gaske, RSI kan daɗe sama da 70, kai ka fita tuni kana cizon yatsa.

5/ A kod: yi amfani da input.string ka ba da zaɓi. Amma Pine ba ya yarda a sa plot() cikin if. Ka bar shi a waje, wadda ba a zaɓa ba ka ba ta na, sai ta ɓace.

6/ Lura da sikeli. RSI daga 0 zuwa 100 take. Ɗora ta kan hannun jarin da farashinsa ya kai dubbai, za ta kwanta a ƙasa kamar zare. A ba ta nata fili.

7/ Haɗarin wannan zaɓin shi ne sauƙinsa. Mutum sai ya yi ta canjawa har ya samu wadda ta yarda da abin da zuciyarsa ke so. Wannan kam yaudarar kai ce.

8/ Za a ce ai yawan indiketa na rage kuskure. E, in ba abu ɗaya suke aunawa ba. Haɗa farashi da yawan cinikin da aka yi, nan ne ka samu shaida ta biyu.

9/ Rubuta dokarka kafin ka buɗe jadawali, ka gwada ta a shekarun da ba da su ka daidaita ta ba. Kuma don Allah, kuɗin makaranta ba na gwaji ba ne.